Ranar da Na Yanka Tauren Baba Ayuba

Ba zan taɓa mantawa da jajiberin Kirsimetin shekarata ta farko a bakin aiki ba, ko da kuwa na so in manta. (Na so ɗin. Mutanen garin ne ba su ba ni dama ba.)

Sabon ɗauka ne ni a lokacin, malamin gona, aka tura ni wani ƙauye da ke bakin kanal ɗin ban-ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Aikina in zaga gonakin noman rani, in duba tumatir da albasa, in ba da shawara kan taki da feshi. Shawarar tawa kuwa ba ta cika fitowa a miƙe ba. In manomi ya tambaye ni ko ya yi feshi yau, sai in ce, "To, zai iya yiwuwa, amma in an ɗan jinkirta ma ba laifi, sai dai a lura." Haka Allah ya yi ni. Mahaifiyata takan ce ko kuka zan yi ina jariri, sai na duba fuskokin mutane tukuna.

Garin unguwa biyu ne, wata 'yar gada ta raba su. Ta gabas Musulmi ne. Ta yamma kuwa akasarinsu Kirista ne, Hausawa ne su ma, in aka bi salsala ma kakanni ɗaya ne. Gona na jikin gona, kasuwa ɗaya ake ci, in an yi rasuwa kowa na zuwa gaisuwa. Da Sallah kwanukan waina da naman layya su tsallaka yamma. Da Kirsimeti kwanukan shinkafa da nama da cincin su tsallako gabas.

Sai dai akwai wata al'ada da ta riƙe wannan zumunci, wadda ban sani ba sai da ta faɗo a kaina. Mutanen unguwar yamma ba sa yanka dabbar Kirsimeti da hannunsu. Musulmi suke kira ya yanka, don kada kwano ya je gidan maƙwabci a karɓa da fara'a, a zagaya a zuba wa kaji. Tun kafin a haife ni mutum ɗaya ne ke wannan aiki, wani dattijo Malam Idi, ladanin masallacin gabas. Kowane jajibere da hantsi zai tsallaka gada da wuƙarsa zuwa gidan amininsa Baba Ayuba, wanda shi ne babba a unguwar yamma.

A shekarar da nake ba ku labari abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, an yi wa Malam Idi aikin ido a Kano, ya dawo da filasta, likita ya hana shi ko sunkuyawa. Na biyu, an yi rigima a kan ban-ruwa. Bulus, ɗan Baba Ayuba, da wani matashi na unguwar gabas mai suna Garba, gonakinsu na shan ruwa daga layi ɗaya. Garba ya ce Bulus ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, Bulus ya ce ƙarya ne. Aka ci kwalar juna, abokai suka shiga. Maganar ruwa ce tsantsa, amma kun san yadda zamani ya zama. Kowa da waya a hannu, ana ta tura labaran faɗace-faɗacen wasu garuruwa da ba wanda ya taɓa zuwa. Har aka fara jin wasu samarin gabas na cewa su bana ba za su taɓa kwanon kowa ba.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ina zaune a ƙofar ɗakin da nake haya, sai ga Baba Ayuba a kan kekensa. Dogo ne, furfura ta cinye masa kai, ba ya gaggawar magana. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi sanyi. Sannan ya ce, "Malam, alfarma na zo nema. Ka san idon Idi."

Na ce, "Na sani, Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. To, bana ba na son in kira wani daga gabas a ce na zaɓi ɓangare, ko in kira a ƙi zuwa, abin ya zama magana. Kai kuwa ba ka da gona a layin nan, ba ka da abokin faɗa, kuma kowa na ganinka a sahun gaba. In an ce kai ka yanka, ba mai mayar da kwano. Ka zo ka yanka mana tauren nan."

Yanzu ga inda ya kamata in buɗe baki in ce, "Baba, ban iya ba." Domin gaskiyar magana, ko kaza ban taɓa yankawa ba. A birni na tashi. Ranar layya mahauci ke zuwa gidanmu, ni kuwa da na ji ana wasa wuƙa sai in tuna gawayi ya ƙare, in ɗauki buhu in fita. Har na gama jami'a ba wanda ya gane dalilin da ya sa nake son sayen gawayi haka. A makaranta ma ɓangaren ƙasa da taki na karanta, na bar wa masu ƙarfin zuciya ɓangaren dabbobi.

Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To Baba, ai ba zai gagara ba, in Allah ya yarda, sai dai a duba yadda abubuwa za su kasance."

A wurina wannan magana na nufin a'a. A wurin Baba Ayuba, da duk wani mai lafiyar kunne, tana nufin e. Ya ce, "Madalla! Allah ya yi maka albarka." Ya hau kekensa ya tafi, har yana ɗan rera waƙa.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Na yi tunanin in ce an kira ni taro a ofis. Na yi tunanin zazzaɓi. Amma duk lokacin da na shirya ƙaryar sai in hango kwanuka na komawa yamma a rufe yadda suka zo, sai in fasa. Daga ƙarshe na yi abin da na fi iyawa, wato karatu. Na karance hukunce-hukuncen yanka kaf, na haddace abin da ake yankewa da abin da ba a kaiwa gare shi. Na nemo bidiyo a waya, amma duk sanda aka zo wurin sai in ga babban yatsana ya rufe fuskar wayar da kansa. Har gwaji na yi a kan kankana. (Ta yanku lafiya, kuma ba ta yi kuka ba.)

Ranar jajibere na yi wanka, na sa farar shaddata ta Juma'a, na kafa hula. A tunanina aiki ne na girmamawa, bai kamata a je shi da kayan gona ba. Ina yin sallama gidan, Inna Saratu, matar Baba Ayuba, ta ɗago daga wurin tankaɗe ta dube ni sama da ƙasa.

"Sannu da zuwa, Malam. Ɗaurin aure za ka wuce daga nan?"

"A'a, Inna, yankan na zo."

"Da wannan rigar?" Ta riƙe baki. "To, ku 'yan boko komai naku daban ne. Shigo, ɗan nan."

Tsakar gidan ya cika da hidima. An kafa manyan duwatsun murhu, mata na gyaran shinkafa suna bitar waƙoƙin da za su yi gobe a coci, ƙamshin cincin ya cika ko'ina. Can gindin rumbu aka ɗaure tauren. Jama'a, na ga awaki a rayuwata, amma wannan ya kusa ɗan maraƙi. Ja ne, da gemu, kuma ya zuba mini ido kamar wanda ya san ni a wani wuri.

Baba Ayuba da Bulus suka kayar da shi a bakin wani ɗan rami, suka fuskantar da shi alƙibla ba tare da sun tambaye ni ba. A nan Malam Idi yake yi kowace shekara. Baba ya miƙo mini wuƙa ya ce, "Ta Idi ce, shi ya aiko maka. Ya ce a gaya maka tana da ci, kada ka danna da yawa."

Na tsuguna. Na naɗe hannun riga. Na ce, "Bismillahi, Allahu Akbar." Hannuna bai motsa ba. Na sake cewa. Bai motsa ba. Na gyara zama na sake, wannan karon da ƙarfi, ko zai ji ya farka. Matan da ke waƙa suka juyo suna kallona. Bulus, wanda ya danne ƙafafun baya gumi na zubo masa, ya ce, "Malam, don Allah, dabbar nan fa ta fi ni ƙarfi."

Ban san ko a bisimilla ta nawa ce ba, na runtse ido, na ja wuƙar.

Abin da kankana ba ta gaya mini ba shi ne, jini ba zuba yake ba, tsartuwa yake. Na ji wani abu mai ɗumi ya fesar mini a ƙirji har haɓa. Na buɗe ido na ga farar shaddata. Na tuna na ce, "Af." Daga nan sai rumbun ya karkace, sama ta dawo ƙasa.

Abin da ya faru ina kwance daga baya aka ba ni labari. Inna Saratu ta kurma ihu, "Wayyo Allah, Malam ya faɗi! Ku kawo ruwa!" Ihun ya tsallake danga ya kai bakin gada, inda Garba da abokansa ke dawowa daga ban-ruwa da shebur a kafaɗa. Wata mata da ta leƙo ta ƙara da nata, "Malamin gona ne, ga shi can cikin jini!" Suka kwaso a guje. Shi kuwa Baba Ayuba, don kada in yanke kaina, ya zare wuƙar daga hannuna.

To, a nan hankalina ya dawo. Ban buɗe ido duka ba, ta ƙasan gashin ido na leƙa. Na ga ƙafafu sun zagaye ni, wasu da taɓon gona har gwiwa. Na ga kaina a miƙe, jina-jina daga wuya zuwa ciki. Na ga Baba Ayuba tsaye a kaina da wuƙa tana ɗiga. Tauren kuwa, a shure-shurensa, ya gangara bayan turmi, Bulus ya bi shi, wanda ya shigo daga ƙofa ba zai gan shi ba.

Ko kaji sun daina tono.

Garba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Baba Ayuba, me ya faru a gidan nan?"

Baba ya buɗe baki, ya dubi wuƙar da ke hannunsa, ya dube ni. Na ji wani daga baya yana cewa a kira mutane. Na ji samarin yamma su ma sun fara shigowa ta ƙofar baya.

Zan faɗa muku abin da ya fara zuwa raina, tunda dai na ɗauko labarin. Cewa na yi in ci gaba da rufe ido. Sumamme ba ya jin kunya. In na daure, wataƙila a ɗauke ni a a-daidaita-sahu a kai ni asibitin Kura, can in ce hawan jini ne, in nemi canjin wurin aiki, shi ke nan. Wallahi sai da na auna wannan shawara. Amma sai na dubi hannun Baba Ayuba, hannun da ɗazu ya miƙo mini wuƙa da amana. Na san in aka fitar da ni daga gidan nan a kwance, kafin in farfaɗo a Kura labarin ya riga ni zuwa Kano, kuma ba labarin taure ba ne zai je.

Na yunƙura na zauna. Aka ja da baya ana salati.

Na ce, "Wato, jama'a, abin da ya faru, kusan za a iya cewa haɗuwar abubuwa ne. Akwai yiwuwar rashin karin kumallo, sannan kuma yanayin..."

Garba ya katse ni. "Malam, bar turancin nan. An taɓa ka ko ba a taɓa ka ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙe tsaye, na ɗaga murya yadda na bayan danga ma zai ji.

"Ba wanda ya taɓa ni! Jinin taure ne! Ni na yanka shi, na ga jini na suma! Tsoron jini nake yi! Ko kaza ban taɓa yankawa ba!"

Tunda nake, wannan ce magana ta farko da na yi ba "wataƙila" a cikinta, kuma sai da na tara unguwa biyu sannan na yi ta.

Sai Bulus ya jawo tauren ta ƙafa daga bayan turmi ya ajiye a tsakiya, yana haki. Garba ya dubi tauren, ya dube ni, ya sake duban tauren. Leɓensa ya fara motsi. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma sai dariyar ta ƙwace. Ya dafa shebur ya durƙusa. Shi ke nan kamar an fasa kanal. Na gabas na dariya, na yamma na dariya, matan shinkafa na share hawaye da bakin zane. Wani ya ce, "Ashe dabba biyu aka kayar!" Inna Saratu, da ta zo da ruwan da za a yayyafa mini, ta rasa abin yi da shi, sai ta miƙo mini ta ce, "Sha, ɗan nan, sha. Ka kusa kashe ni."

Ana cikin haka sai ga Malam Idi yana dogara sanda, filasta a ido, ihun ya fito da shi duk da dokar likita. Aka ba shi labari, kowa na ƙara gishirinsa. Bai yi dariya ba. Ya sa aka ɗago masa wuyan tauren, ya lalube shi da yatsu, ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo wajena da idonsa mai lafiya.

"Yanka ya kai inda ake so. Ka ambaci sunan Allah?"

Na ce, "Ina kyautata zaton, Malam, in ban manta ba..."

Inna Saratu ta ce, "Malam Idi, bisimillar da yaron nan ya yi ta isa a yanka garke guda. Har na kusa haddacewa."

Sai a nan tsohon ya murmusa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ya halatta. Wanda duk ya mayar da kwanon gidan nan bana, ya zo ya gaya mini dalili." Ya juya ga amininsa. "Kai kuma Ayuba, ajiye wuƙar nan, ka tsaya kamar ɗan fashi."

Baba Ayuba ya ce, "Kai ka jawo, da ka tashi ciwon idonka ba ka duba wata ba."

Na ɗauka an gama. Sai na ji kukan awaki a ƙofar gida. Ashe ba taure ɗaya ba ne. Al'adar ita ce duk gidajen unguwar su kawo nasu nan a yanka, ga su nan an jero su, har da masu zakaru a hammata. Na dubi layin, na ji rumbun na shirin sake karkacewa.

Garba ya jingine sheburinsa, ya wanke hannu, ya ce, "Kawo wuƙar, Baba, kada a kashe wa gwamnati ma'aikaci." Ya dubi Bulus. "Kai kuma riƙe da kyau. Ba irin riƙon da kake wa ranar ruwa ba."

Bulus ya ce, "Ranata ce, ko yanzu a tambayi kowa."

"Ranarka a ina? Danne ƙafar nan."

Haka suka yi ta yi, suna yanka suna musu, har aka gama. Ni ban gani ba, ji na yi. An zaunar da ni a bayan rumbu na ba su baya, sanye da wata tsohuwar rigar Baba Ayuba da ta kusa share ƙasa, Inna Saratu ta ajiye mini kunu da cincin. Rigimar ruwan ma ba ranar ta ƙare ba, sai da mai unguwa ya zaunar da su daga baya. Amma washegari kwanuka sun tsallaka gada, kuma ba wanda ya dawo a rufe.

Da yamma, bayan an taso daga coci, na bi ayarin mutanen gabas muka je barka da Kirsimeti. Na so in ɓuya a baya, amma ina shiga aka buɗe mini hanya. Garba ya ɗaga hannu ya ce, "Ran Sarkin Fawa ya daɗe!" Sunan da ya bi ni ke nan. Har takardar ofis an taɓa aiko mini, wani ya rubuta shi da fensir a bayan ambulan.

Aka zazzauna a kan tabarmi. Muka ce barka da Kirsimeti, suka ce barka kadai, Allah ya maimaita mana. Baba Ayuba ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya zaunar da garin lafiya, ya ba da amfanin gona, ya kawar da sharrin abin da ake turowa a waya, ya sa jikokinsu su gaji kwanukan nan. Malam Idi ya ɗora da tasa. Kowa ya shafa irin shafawarsa. Da aka kawo abinci na buɗe kwanona, na ga hanta ce zalla a kan shinkafar. Inna Saratu ta ce, "Cinye. Tana ƙara jini, kuma wannan ba ya tsartuwa."

Abin da na koya? Hausawa sun riga sun faɗa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da na ce "ban iya ba" a ƙofar ɗakina, mutum ɗaya ne zai ji. Da na ƙi, sai da na faɗe ta a gaban gari, da jini a haɓa. Sai dai wani lokaci ina tunanin, wataƙila, ban dai tabbatar ba, garin na bukatar wanda za a haɗu a yi wa dariya a shekarar, Allah kuma ya duba ya ga ni ne ba ni da aikin yi.

An daɗe da canza mini wurin aiki, amma duk Disamba sai Baba Ayuba ya sa an kira masa ni a waya. Bana ma ya kira.

"Sarkin Fawa, za ka zo mana ko?"

Na ce, "Zan zo, Baba. Amma sai an ɗora tukunya."